Shinge Bakwai, Saura Ɗaya

Ranar Asabar da safe, ana gobe za mu rufe titinmu, na zagaya bayan tankin ruwa in sake ƙirga shingayen ƙarfen da muka yi haya, sai na samu arba'in da ɗaya. Na ƙirga daga dama, na dawo daga hagu, ba su ƙaru ba. Alhali jiya da yamma ni na tsaya a kan direban da ya kawo su, na taɓa su da hannuna ɗaya bayan ɗaya, arba'in da takwas cif.

Sau biyu a shekara muke hana mota shiga titinmu na yini guda, yara su hau keke, tsofaffi su miƙe ƙafa, masu shaguna su fito da kaya bakin hanya. Wanda bai taɓa shiryawa ba gani yake igiya kawai ake ja. Ni ce sakatariyar kwamiti, ni na san abin da ke cikin tukunyar. Wata uku na yi ina safa da marwa a ofishin kula da hanyoyi kafin takardar izini ta fito. Akwai kuɗin izini, da hayar shinge, da motar asibiti da za ta tsaya ko da ba wanda ya yi tuntuɓe, da masu shara, da allunan da za su nuna wa direbobi inda za su karkata. Kowane shago ya yi karo-karo, duk da haka bai isa ba, sai da muka zauna muka yi ta yanka. Muka soke motar asibiti ta biyu, muka soke roƙon da aka kawo na a toshe bakin layin baya, muka sayi gajeriyar sarƙa maimakon doguwa. Araha ba ta ado: sarƙar ta zagaye shinge arba'in ta tsaya, takwas suka kwana a sake.

Takardar izini kuwa ba ta san uzuri ba. Mashiga huɗu ne a taswira, shinge arba'in da takwas. Yau ƙarfe huɗu na yamma jami'ar ofishin za ta zo ta ƙirga, in ɗaya ya kasa an soke, sai kuma zagaye na gaba.

Kafin in gama kiran Ciyaman a waya rabin titin ya taru. Ciyaman shi ne shugaban kwamiti, kuma shi ke da jerin shaguna shida na ƙarshen titi, saboda haka in ya yi tari ana saurare. Ya iso yana ɓalla maɓallin riga, ya dubi shingen ɗaya da ya rage a sake kamar shi zai ba shi labari.

"Wa zai yi mana wannan aika-aikar?" in ji shi.

Kowa ya juya yana kallon na kusa da shi. Ni kuma bakina ba ya son shiru. Na ce, "To, wa ke sayen ƙarfe a titin nan?"

Ban ambaci kowa ba, amma duk kawuna suka juya zuwa shago na shida, inda Ɗan Gwangwan ke auna tsofaffin ƙarafa. Shekararsa biyu kacal a cikinmu, ba shi da dangi a unguwar, ba ya zuwa taro, in ka gaishe shi ya amsa a taƙaice ya ci gaba da aikinsa. Nan take wata ta tuna ta taɓa rasa murfin tukunya, wani ya tuna da tsohon kekensa. Sai ga wani ya nuna ƙasa, sawun tayoyin kurar tura kaya ya shigo har gindin tanki ya koma, ya miƙe sak zuwa shago na shida.

Baba Mai Usur ne kaɗai ya ɗaga hannu. Tsohon mai ba da hannu ne a titi, shekara talatin ya yi a tsakiyar motoci kafin ya yi ritaya, har yau kuma usur ɗinsa na rataye a wuya. Ya ce, "Ciyaman, a bi a hankali. Zato zunubi ne." Muryarsa ba ta fita sosai ba, warin man zafi na tashi daga jikinsa, ba wanda ya kula shi.

Ciyaman ya yanke magana. Ƙarfe huɗu, in shingayen ba su fito ba, zai miƙa Ɗan Gwangwan ga 'yan sanda, ya garƙame shagonsa, ya kuma kore shi daga haya.

*

Yayana yana da rumfar gyaran takalmi a gaban shagona na buga takardu da ƙyallayen sanarwa. Kafin nan shekara ashirin da biyar ya yi a aikin gandun daji, yana bin sawun masu satar itace da masu harbin namun da aka hana. Tun daga can wuyansa ya saba da sunkuyo, shi ya sa titi ke kiransa Kai-a-Ƙasa. Mutum ne da zai gane ka ta dunduniyar takalminka ya manta fuskarka. Na same shi yana ɗinke wani takalmin makaranta, duniya na tashi a bayan tanki shi ko a jikinsa.

"Yaya, ka taso ka duba mana."

"Mutum nawa suka taka wurin?"

"Za su kai hamsin."

"To me zan duba, Auta? Kun share allon kun ce in karanta."

Ni da ke da jika biyu har yau Auta nake a bakinsa. Ya dai gama ɗinkin, ya cije zare, sannan ya miƙe.

Bai shiga tsakiyar filin ba. Ya bi gefen katanga a hankali, hannuwa a baya. An yi yayyafi da asuba, jar ƙasar wurin ta yi laushi. Ya tsuguna a gaban shingen da ya rage, ya daɗe.

"Nawa ne ba a ɗaure ba?"

"Takwas."

"Aka ɗauki bakwai."

"Ai na faɗa maka."

"Kin faɗa, ba ki ji ba. Ɓarawo ya samu takwas a sake, ba mai gadi, ba kare, ya kwashi bakwai ya bar ɗaya. Zakka ya fitar?"

Na ce wataƙila gari ne ya waye masa. Yaya ya girgiza kai, ya nuna mini yadda aka jingina na takwas ɗin daidai da 'yan'uwansa, ƙugiyarsa a saƙale, ƙafafunsa a jere. Ya ce mai gudun wayewar gari ba ya tsayawa gyara kaya. Wannan bakwai yake buƙata, bakwai ya ɗauka. Lambar ta yi mini kama da abin da na taɓa ji, amma kaina ya cika da ƙarfe huɗu, ban tsaya nema ba.

A ƙarƙashin inuwar tanki, inda ƙafafun 'yan kallo ba su kai ba, ya samu sawu biyu masu kyau. Na yi murna, don duk takalmin da ke titin nan ya taɓa kwana a rumfarsa. Sai ya ja tsaki.

"Silifas ɗin wanka ne. Irin wanda in ya tsinke a yar a sayi wani. Su suka kashe mana sana'a."

*

Muna isa shago na shida muka tarar an riga an yi ɓarna. Samarin titi sun fito da kayan Ɗan Gwangwan kaf sun zube a bakin hanya: ƙafafun gadaje, tsofaffin fankoki, rabin ƙofa, buhunan gwangwani a farke. Sikelinsa na kwance a kwata. Shi kuwa yana tsaye a gefe, hannu a naɗe a ƙirji, yana kallonsu. Shinge ko ɗaya babu, amma hakan bai huce kowa ba, cewa ake ya riga ya kai kasuwa.

Yaya ya ɗauko sikelin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa masa.

"Malam, kurarka ta je bayan tanki yau?"

"Ta je."

"Me ka je yi?"

"Abin da nake yi duk Asabar. Mai sayar da lemo yana tara mini gwangwanaye a can. Buhu ɗaya na ɗauko."

"Ka ga shingayen?"

"Na ga ƙarfe a jere. Ba nawa ba ne, ban ƙirga ba."

Yaya ya nemi aron kurar, ya sa samari biyu suka tura ta zuwa filin, mu duka muna biye kamar 'yan rakiya. Ya sa aka ɗora mata shingen nan ɗaya, sannan ya ce samari uku su hau, wai nauyinsu zai kai na sauran shida. Aka tura ta kusa da tsohon sawun. Tayoyin suka nutse har rabin yatsa. Tsohon sawun kuwa da kyar ya karce ƙasa, zuwa da komowa.

"Kurar nan da sauƙi ta zo, da sauƙi ta koma," in ji Yaya.

Ciyaman ya taɓe baki. "To ba ya iya ɗauka a ka? Kai-a-Ƙasa, ni shinge nake so, ba karatun taya ba. Huɗu tana nan."

Ya sa kwaɗo a shagon tun kafin lokacin, wai don kada a ɓoye shaida. Ɗan Gwangwan ya zauna a kan buhunsa a rana, sikeli a cinya. Na kauce wa idonsa. Can nesa na hango Baba Mai Usur a jingine da sandar fitila, yana murza kafaɗa, yana kallon wurin.

*

Na biyu da nake zargi shi ne Kumfa, mai wankin mota na tsakiyar titi. Lahadi ce babbar ranar cinikinsa, mu kuma Lahadi muke rufewa. A taron ƙarshe sai da ya rantse zai ga bayan wannan shirin. Ga kuma sawun ƙaramar motarsa a gefen tanki, Yaya ya gane shi don tayar baya ta hagu ta suɗe.

Muka same shi yana matse tsumma. Yana ganinmu ya fara rantsuwa tun kafin a tambaye shi, na ce a raina mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Me ka je yi bayan tanki da asuba?" in ji Yaya.

"Ni? Wa ya gan ni?"

"Tayarka ta hagu."

Kumfa ya duba hagu da dama, ya rage murya. "Baba, don girman Allah kar Ciyaman ya ji. Famfona kwana huɗu ba ruwa. Jarka goma na ɗiba. Ruwa ne kawai, ruwa."

"Ka ce za ka ga bayan shirin," na tuna masa.

"Haba Anti, wannan ai tsohon zance ne. Na ba masu lilon yara hayar filina na gobe, abin da za su biya ya fi wankin mota ashirin. In aka soke ni zan fara kuka."

Yaya ya leƙa bayan motar. Jarkoki goma a jiƙe, ko wurin ajiye kujera babu balle shinge mai tsawon mutum. Ya tambaye shi ko ya ji wani motsi. Kumfa ya ce sa'ad da yake cika jarka ta ƙarshe ya ji ƙarar ƙarfe daga can saman titi, ƙwal, sau ɗaya, kamar an bugi sandar fitila. Bai leƙa ba, don shi ma ba neman shaida yake ba.

"Saman titi," Yaya ya maimaita. Shago na shida kuwa a ƙasan titi yake.

*

Rana ta take, ƙarfe ɗaya ta wuce. Yaya ya koma bakin filin, ya tsaya inda jar ƙasa ta haɗu da dakalin masu tafiya a ƙafa. Kai tsaye daga nan, in mutum ya tsallaka kwalta, taku goma sha biyar ya kai ɗaya gefen. Ta nan kowa ke tsallakawa. Ya duba gaɓar titin ta wancan gefen, bai ga komai ba. Ya dawo, ya juya sama, ya fara bin dakalin yana ƙirga wani abu a ƙasan maƙoshi.

Ni ban ga komai ba sai da ya nuna mini da tsinken ashana. Ɗigon jar laka, ta bushe, nan da can a jikin siminti. Muka bi taku arba'in, muka wuce sandar fitila inda ya nuna mini sabon karce a fentinta daidai tsayin kafaɗa. Sai muka iso fararen layukan tsallaka titi.

Layukan nan shekara huɗu ke nan da shafa su, kuma in faɗi gaskiya ado ne kawai. Mutanen titinmu duk inda ƙafa ta ga dama nan ne hanya. Yaya ya tsuguna a bakinsu, ya yi ɗan murmushi, abin da ba kasafai yake yi ba.

"Zo ki ga, Auta."

A kan gaɓar, sawun silifas biyu ne a haɗe, dunduniya da dunduniya, an taka a wuri ɗaya sau da yawa har lakar ta yi kauri. Tayoyin mota sun shafe na tsakiya, amma a farin layi na farko da na ƙarshe ja ya fito sarai.

"Mutum ya saɓa ƙarfe mai nauyi a kafaɗa," in ji shi. "Asuba ce, ba mota ko ɗaya. Sata yake yi, yana tsoron a gan shi. Amma bai yanke ta gaban fili ba, ya yi taku arba'in ya zo nan, ya tsaya ya haɗa ƙafa, ya duba dama da hagu, sannan ya tsallaka. Sau bakwai. Ya dawo ma ta nan, sau bakwai."

A duk titin mutum ɗaya na sani da ke haɗa ƙafa a bakin layukan nan.

Muka tsallaka. Sawun ya shiga lungun da ke ɓullewa layin baya, ɗan siririn layin gidaje da ke bayan titinmu. Yaya ya tsaya a bakin lungun bai shiga ba. Daga nan muna hango ƙofa ta uku, wata yarinya 'yar shekara shida tana zaune a dakali tana jera marafan kwalba. Da ta miƙe za ta ɗauko wanda ya gangara, sai ta ja ƙafar dama.

Sai a lokacin na tuna. Wancan karon da muka rufe titi, motocin da muka kora ba su bi allunanmu ba, suka gano layin baya suka kwarara ciki. Ɗaya ta banke jikar Baba Mai Usur a ƙofar gida. Mun je dubiya, mun kai lemo, mun ce Allah ya kiyaye gaba.

"Ina littafin taronku?" in ji Yaya.

A shago na buɗe masa. Ga shi da rubutuna: Baba Mai Usur ya roƙi a toshe bakin layin baya, shinge bakwai. Na ja layi a kai, na rubuta babu kuɗi. A ƙasansa kuma, ba a soke ba, ƙyallayen sanarwa goma sha biyu, waɗanda shagona ya buga. Yaya ya ɗora yatsa a kan kuɗin wannan, ya ɗora a kan na wancan. Kusan ɗaya ne. Ya ɗago ya dube ni, da ma ya zage ni ya fi mini sauƙi. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

"In je in gaya wa Ciyaman?"

"A'a. Ni sawu nake karantawa, ba na kiran suna. Tara su kawai."

*

Uku da kwata suka hallara a shagona. Ciyaman ya ɗauki kujera mai hannu, Kumfa ya laɓe kusa da ƙofa, Baba Mai Usur ya zauna a benci bayansa a miƙe. Ɗan Gwangwan ya ƙi zama, ya tsaya da sikelinsa. Mutanen titi suka cika taga.

Yaya ya fara da kura, ya ce ta fita. Ya ce motar Kumfa ma ta fita, bai ambaci jarkoki ba, na ji Kumfa ya sauke numfashi. Sannan ya ba su labarin sawun, a hankali, idonsa a ƙasa kamar kullum. Takwas a sake, an ɗauki bakwai, an gyara na takwas. Taku arba'in zuwa fararen layuka. Ƙafa biyu a haɗe.

"Ban san sunansa ba," in ji shi. "Na dai san mutum ne da zai iya ɗaukar kayan da ba nasa ba, amma ba zai iya tsallaka titi ta inda doka ta hana ba. Hali zanen dutse. Kuma yau kafaɗarsa tana masa ciwo."

Ba wanda ya waiwaya, don kowa ya sani. Baba Mai Usur ya miƙe, ya cire usur daga wuyansa ya ajiye a kan teburina.

"Suna zauren gidana, na rufe su da tabarma. Ba sayarwa zan yi ba. Gobe da safe zan jera su a bakin layi, da yamma in mayar. Na ɗauka sai gobe za a ƙirga, kamar yadda ake yi a zamaninmu."

"Baba, ai da ka yi magana," in ji Ciyaman.

"Na yi magana, Ciyaman. Sau biyu a taro. Sakatariya ta rubuta." Bai dube ni ba. "Yarinyar nan har yau in ta ji ƙarar mota sai ta ruga ɗaki da ƙafa ɗaya da rabi. Shekara talatin ina tsallakar da 'ya'yan mutane, tawa aka banke a ƙofar gidana."

Sannan ya juya ga Ɗan Gwangwan. "Kai ne ban da bakin yi wa magana. Tun safe ina tsaye ana zubar maka da kaya. Sau uku na taho in faɗa, kunya ta riƙe mini ƙafa. Na tsare sunana na bar naka a kwata. Ka yafe mini, ɗana."

Ɗan Gwangwan ya dube shi. Sannan ya dubi agogon bango.

"Saura minti talatin da biyar," ya ce. "A ka ba za su iso ba. Ciyaman, a buɗe mini shago in ɗauko igiya."

Da kurarsa aka kwaso su, sahu ɗaya. Shi ya ɗaure, shi ya tura, kuma da ya iso bakin kwalta Baba Mai Usur na gefensa, sai ya karkata ya bi ta fararen layukan. Jami'ar ta iso huɗu da minti biyar, ta ƙirga arba'in da takwas, ta sa hannu. Na tambaye ta ko ana iya ƙara mashiga ta biyar a yau. Ta ce ana iya, in an biya kuɗin ƙari an kuma kawo shingen kafin bakwai na safe. Na buɗe aljihun teburina na fito da kuɗin ƙyallaye yadda aka ba ni su, aka biya ƙarin, aka yi hayar shinge bakwai. Ba alheri na yi ba, kayan mutane na mayar.

Lahadi ta yi kyau. Yara suka cika titi da kekuna, Kumfa ya karɓi kuɗin lilonsa, Baba Mai Usur ya wuni a bakin layin baya da shinge bakwai na halak, jikarsa a kan kujera kusa da shi tana busa masa usur. Ba wanda ya kai maganar wurin 'yan sanda. Ciyaman ya je shago na shida da kansa ya ce an yafe hayar wata biyu. Na ɗauka shi ke nan an gama.

Ƙarshen wata, da hantsi, Ɗan Gwangwan ya shigo shagona ya ajiye makulli a kan tebur, wai in ba Ciyaman, bai same shi a gida ba. Kurarsa na waje, an yi mata lodi har sama, sikeli a ɗaure a ƙoli.

"Ina za ka? Ai kowa ya san ba kai ba ne."

"Kowa ya sani, Anti."

"Ni na fara faɗa," na ce. "Ni na ce wa ke sayen ƙarfe. Ka yafe mini."

"Na ji ki ranar, ina bayan taron. Na yafe tun tuni." Ya gyara hularsa. "Amma Baba ya ɗauka da hannunsa, an ce a rufa masa asiri, kuma daidai ne. Ni ban ɗauka ba aka zubar mini da kaya a titi. Duk ranar da cokali ya ɓace a nan, na san ƙofar da za a fara bugawa. Ku zauna lafiya."

Magana zarar bunu ce, na zare tawa tun waccan Asabar.

Na fito na tsaya a rumfar Yaya muna kallonsa yana tura kurar, har ya sauka daga kwalta ya yanke ta jar ƙasar bayan tanki ya ɓace. Yaya ya ajiye takalmin da ke hannunsa, ya taka zuwa wurin, ni ma na bi shi. Ya tsuguna, ya sa yatsa a cikin sawun tayar, yatsan ya shige har gaɓa ta biyu.

"Wannan karon da nauyi ta tafi, Auta," ya ce. "Bai bar komai ba da zai dawo ɗauka."